Allurar Agogon Baƙin Mai

Shekara ta biyu da aka ba mu jiha na sayi mota, tsohuwar Fijo fara, daga hannun wani ma'aikaci da aka mayar Sakkwato. A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Maiyama, ina zaune a Jega, iyayena da yayana kuma suna Jiga Birni suna noman albasa. Motar ba ta da wani laifi da zan iya nunawa. In akwai laifi, ina jin nawa ne, don ban iya zama da abin da ban ga cikinsa ba.

Wani abokin aikina injinsa ya buga a kan hanya saboda fitilar da ke nuna ƙarewar baƙin mai ta mutu bai sani ba. Tun daga ranar na daina yarda da tawa. An ce in duba ta duk lokacin da na murɗa makulli, in ta kama to lafiyarta lau. Na ce to, in kuma ta mutu bayan na hau titi fa? Aka yi mini dariya.

Sai na je wurin wani mai wayarin mota a bayan tashar Jega, Kirista ne mutumin kudu, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya kawo mini agogo uku a jere cikin ƙarfe mai sheƙi, sababbi a kwalinsu: na zafin ruwa, na cajin batir, da na ƙarfin baƙin mai. Ya huda ƙasan dashbod ya ɗaure su, ya ja wayoyinsu zuwa injin. Da ya gama ya ɗora yatsa a kan na ukun.

"Tica, waɗancan biyun za su ba ka lokaci. Wannan ba ya ba da lokaci. Allura a tsakiya, lafiya. In ta faɗi ƙasa, ka kashe mota nan take, ko a kan gada kake."

Na sa ya maimaita, ya maimaita yana dariya.

Sati uku allurar tana tsakiya kamar an manna ta. Ina zuwa Maiyama ina dawowa, ido ɗaya a titi, ɗaya a kanta. Zan iya cewa ban taɓa samun kwanciyar hankali a mota kamar a waɗannan kwanakin ba.

Ran nan na je gida na ɗauko Baba zan kai shi kasuwar Aliero. Ya shiga gaba, ya jingina sandarsa tsakanin ƙafafunsa, ya daɗe yana kallon jerin agogon.

"Agogo ukku, ɗan boko? To wane ka hwaɗin lokacin Azahar?"

Na ce babu ko ɗaya, Baba. Na yi masa bayanin na ruwa da na batir. Da na zo kan na ukun na rasa yadda zan faɗa, sai na ce yana nuna ƙarfin man da ke zagaya injin, kamar yadda jini ke zagaya jikin mutum. Har yau ina tunanin da na zaɓi wani misalin.

"Ashe ko jininta ya yi ƙasa," in ji shi.

Na duba. Allurar ta sauko daga tsakiya, ba sosai ba, kamar faɗin farce. Na gangara gefe na kashe, na buɗe bonet na zaro gejin awon baƙin mai. Mai yana cike. Baba yana ciki yana ta dariya, yana cewa jakinsa bai taɓa tsayar da shi don a duba masa jini ba. Muka ci gaba a hankali. Da na sauke shi na juyo Jega ni kaɗai, allurar ta koma tsakiya.

Ban ɗauki abin da nauyi ba sai da ya sake faruwa a karo na biyu, da na uku, kuma duk Baba ne a motar. A kowane karo tana sauka fiye da na baya. Na fara gwaji, irin na wanda ya yi karatun kimiyya kuma yake jin kunyar abin da ke zuciyarsa. Na ce ko nauyi ne, na ɗora buhun albasa a kujerar gaba na zagaya gari. Ba ta motsa ba. Na ce ko hanyar ce, na bi ta ni kaɗai da tsakar rana. Ba ta motsa ba. Na ɗauki yayana, wanda ya fi Baba jiki, har Aliero. Ba ta motsa ba.

Na koma wurin mai wayarin, na faɗa masa rabin labarin. Ya kwanta ya leƙa ƙasan dashbod, ya tambaye ni ko tsohon yana riƙe sanda.

"Shi ke nan, Tica. Waya tana bi ta nan. Sanda ta taɓa, allura ta yi ƙarya."

Ya canza wa wayar hanya, ya naɗe ta da baƙin salatif, ya ƙi karɓar komai. Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya. Bayanin yana da ma'ana, kuma har yanzu ban ce ba shi ne gaskiya ba.

Sati biyu bayan haka na ɗauki Baba zuwa wata gaisuwa. Na karɓi sandar da kaina na sa a but, can bayan mota. Kafin mu fita daga gonakin Jiga Makera allurar ta sauko har kusan kwata. Ban tsaya ba. Na riƙa satar kallonsa ta gefen ido. Yana zaune daidai, yana jan carbi, yana ba ni labarin yadda ƙwari suka shiga albasar wani maƙwabcinsa. Sai a ranar na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma yana tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar magana. Wataƙila ya daɗe a haka, ni ne ban duba ba.

Na roƙe shi mu je likita ya gan shi. Ya ce bayan an kwashe albasa. Na sake roƙo ta bakin Inna, ya ce ya ji. Ba zan iya cewa agogon mota ne ya sa ni ba, don da na faɗa da shi ke nan, na zama abin labari a gidan.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda ba na son tunawa. Na daina ɗaukarsa. In ya ce zai je wuri, sai in ce motar na wurin makaniki, ko taya ta yi faci, ko akwai taro a makaranta. Ba na son ganin inda allurar za ta kai, kamar in ban gani ba to ba ta sauka. Wata rana ina sallama zan tafi, ya raka ni har bakin motar, ya shafa murfin ƙofa.

"Ni motarka taƙ ƙi, ko mai motar?"

Na ce haba Baba. Ya yi murmushi ya koma ciki.

Da zafin bazara ne, wata Asabar da hantsi, wani direban motar albasa ya tsaya ƙofar gidana a Jega ya ce in je gida maza, Baba ya faɗi a wurin da ake shanya albasa. Na same shi a zaure, idonsa biyu, yana gumi, hannunsa a ƙirji. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar yayana. Babu sanda, babu kowa a gaba. Na tada mota ban kalli ƙasan dashbod ba.

Na daure har muka wuce Aliero muka hau kwalta. Rana ta take, titin babu kowa, sai wani fari-fari da ke rawa a can gaba kamar ruwa. Nan idona ya sauka da kansa. Allurar tana ƙasa da kwata, kuma tana tafiya. Ban taɓa ganinta tana tafiya ba, kullum sai dai in tarar ta sauka. A hankali take yi, ba rawa, ba tsalle, har ta kwanta a kan ɗan ƙarfen da ke tare ta a ƙasa.

Abin da na lissafa a raina ke nan, in ma lissafi ne. In wannan karon da gaske take, injin zai buga cikin minti biyu ko uku, mu tsaya a dajin nan da mara lafiya, ba mota ba inuwa. In na tsaya na duba, minti kaɗan ne. Na gangara na kashe.

"Mi kaka yi?" in ji yayana.

"Yaya, mai ne. Bari in duba."

"Wane mai? Kai, tada motag ga mu tahi!"

Na riga na fita. Bonet ya ƙona mini hannu. Na zaro geji na goge na mayar na sake zarowa, mai yana cike. Ban yarda ba, don an ce sai an bar shi ya kwanta kafin a samu awo na gaskiya. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi ko yana zuba. Ƙasa a bushe. Na sake zaro gejin. Yayana yana ta kirana da irin muryar da bai taɓa yi mini ba tun muna yara. Sai na ji Baba, a hankali ƙwarai.

"Bar shi shi duba. Ba ya iya tahiya sai ya duba."

Ban san minti nawa muka yi ba. Na sha cewa biyar. Ina jin ya kai goma.

Na tada, allurar ba ta ɗaga ba. Na sa giya na taka totur haka nan, kunnena a kan injin, ina jiran ƙarar da za ta ce ya buga. Ba ta zo ba. Injin yana tafiya sumul, kamar ma ya fi kullum laushi.

Muna hango rufin kwanon gidajen farko na Jega sai allurar ta motsa. Ta taso daga ƙasa, ta wuce kwata, ta hau tsakiya ta tsaya cak. Wani sanyi ya ratsa ni, har na yi magana da ƙarfi.

"Alhamdu lillahi, Yaya, ta dawo."

Na ɗaga ido na duba madubi. Yayana ya sunkuya, tafin hannunsa a kan fuskar Baba yana rufe masa idanu, leɓensa na motsi.

Daga wurin zuwa ƙofar asibiti bai kai minti biyar ba. Na auna shi daga baya, ba sau ɗaya ba. Likitan da ya fito ya duba Baba a cikin motar ya ce zuciya ce. Na ja shi gefe na tambaye shi, da mun iso da minti goma fa? Ya ce irin wannan ko a kan gadon asibiti yakan zo ya wuce, ba lalle a iya yin komai ba. Na riƙe "ba lalle ba" ɗin nan, na juya shi ta kowane gefe, bai taɓa zama a'a ba.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, yayana ya same ni a bayan gida ina wanke hannu. Ya tsaya kusa da ni yana kallon gona.

"Inna ta tambaye ni ko mun samu matsala bisa hanya," ya ce. "Na ce mata tun da munka tashi ba mu tsaya ba sai asibiti. In ta tambaye ka, haka za ka ce."

Na buɗe baki zan yi masa bayani, zan fara daga ranar kasuwar Aliero. Ya ɗaga mini hannu.

"Haka za ka ce."

Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta, ta tambaye ni. Haka na ce.