Ƙwallon da Ya Shafi Hijabin Hauwa'u

Jiya na je ɗauko 'yata Hauwa'u a makaranta, na tarar ana musu. Wasan jifa suke da ƙwallon safa, ita ce a tsakiya tana kaucewa tana cika kwalba da yashi. Saura ƙiris ta cika, ƙwallo ya shafi gefen hijabinta.

"Ta fita!" in ji ƙawarta Rifkatu.

Hauwa'u ta juyo, ido ya kawo ruwa. "Mama, hijabi jiki ne?"

Ina kame-kame, Rifkatu ta tattare mata hijabin ta ƙulle a baya. "Yanzu faɗinmu ɗaya. Koma ciki."

Jifa ɗaya kuwa ta fitar da ita. Suka rungume juna suna dariya.

Mu a Auna, ko gefen zani ya taɓa, kin fita. Ku fa?