Tamimu Bai Taɓa Aiki a Feri Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1997, ina ofis da hantsi ƙanwata Sa'adatu ta bugo mini waya daga unguwarsu Tompkinsville, a tsibirin Staten Island. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, baban Rumaisa ya faɗi a bakin ƙofa." Kafin feri, jirgin ruwan fito, ya sauke ni a tashar St. George, mijinta, Tamimu Fu'ad, ya cika a asibiti. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa arba'in da uku. Mu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa.

Tamimu, na zauna in rubuta maka ta'aziyya, amma abin da ya cika mini rai haushi ne, kuma rabinsa haushin kaina ne.

Ran sadakar uku, Alhaji Boubacar, dattijon masallacinmu, ya miƙe a falon gidanka ya yabe ka da zuciya ɗaya. Ya ce, "Bawan Allah nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙetarar da mutane a feri, safe da yamma, ba a taɓa jin ya yi faɗa da fasinja ba." Jama'a suka ce Allah sarki. 'Yarka Rumaisa, mai shekara goma sha shida, ta ajiye butar shayi, ta durƙusa kusa da ni ta ce da Hausarta mai gauraye da Turanci, "Kawu, ka tell them mana." Na ce mata ba a katse dattijo. Ta dube ni, ta tashi ta koma kicin, kuma daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

To, ga abin da ya kamata in faɗa a ranar. Tamimu bai taɓa aiki a feri ba, ko na yini ɗaya. Sojan ruwa ne na ƙasar nan, shekara goma sha uku. Yana cikin wata runduna ta jiragen saman yaƙi, irin waɗanda ke tashi su sauka a kan wani ƙaton jirgin ruwa a tsakiyar teku. Shi ba matuƙi ba ne. Jirgi guda aka damƙa masa, shi ke duba shi tun daga hanci har wutsiya, ya ɗaure shi da sarƙoƙi don kada igiyar ruwa ta gangarar da shi, kuma matuƙi ba ya hawa sai ya ce masa lafiya. Har sunansa aka rubuta a jikin jirgin, can ƙasa kusa da tayar gaba.

Ni na jawo wannan ruɗani, ba wani ba. A 1987, ran sunan ɗanka Imran, kana teku. Aka tambaye ni ina uban jariri, na ce, "A jirgin ruwa yake aiki." Mutumin Staten Island kuwa jirgin ruwa ɗaya ya sani, wanda ke kai shi Manhattan ya komo da shi. Hausa ta ba mu kalma ɗaya, jirgi, ta ce mu raba wa sama da ƙasa da ruwa, ni kuma da nake cin abinci da aikin fassara na kasa ƙara kalma biyu in fayyace. Da ka zo hutu, aka yi ta tare ka ana tambayar me ya sa ferin ƙarfe bakwai ke makara. Kai ma da son tsokana, sai ka gyara murya ka ce za ka yi wa kyaftin magana. Mun sha dariya a lokacin, ban san abin zai bi ka har kabari ba.

Rundunar tana da sunanta na Turanci, amma kai 'Yan Shamuwa kake ce musu, don wata shida suke yi ba a gan su ba, sannan su dawo. Kun je Bahar Rum a 1986, kun je Tekun Indiya bayan shekara biyu. Ba ka taɓa dawowa hannu sake ba. Turaren da ka sayo wa Hajiyarmu a wata tashar ruwa, har ta rasu ba ta yarda kowa ya taɓa kwalbar ba. Sarƙoƙin nan kuwa sun bar maka kanta a kafaɗu, kana nuna wa yara kana cewa galan ɗinka na muƙamin soja ke nan.

Labarin da ba na mantawa shi ne na alƙibla. Ka ce jirgin ruwan sai ya juya ya fuskanci iska kafin jiragen sama su tashi, don haka kana iya tayar da salla kana duban gabas, ka sallame kana duban yamma. Ka ƙulla abota da wani ma'aikacin ɗakin tuƙi, wanda ba Musulmi ba, kullum yana gaya maka inda Makka take da tsawon lokacin da za a yi ba a juya ba. A yaƙin 1991 kun yi watanni a Bahar Maliya. Ka ce, "Yaya, ban taɓa kusantar Ka'aba haka ba, ban kuma taɓa jin nisanta haka ba."

Daga wannan tafiya ce wasan feri ya daina zama wasa. Ka dawo ka tarar masallaci na tafasa, ana tsine wa duk wanda ya sa hannu a yaƙin. Wani ya dafa ka ya ce, "Ku dai 'yan feri kun huta." Ka dube ni, ba wanda ya gyara masa a cikinmu. A hanyar gida na ce bari in gyara maganar, ka ce, "Bar su tukuna. Jirgina bai jefa bom ba, rakiya yake yi, amma ai tare aka je. Ni ma ban gama yi wa kaina hisabi ba." Da kuka je sintiri a sararin Bosniya a 1993, ka rubuto mini cewa wannan karon zuciyarka ta ɗan sami sukuni. Wasiƙar tana hannuna.

A 1995 aka rushe rundunar. Aka rarraba jiragen, aka shafe sunanka da fenti, ka ajiye kaki ka koma gyaran motocin bas. A watan Agusta ka zo mini da wani koren littafi da ka cika da ranaku da sunayen tekuna. Ka ce, "Na Turanci akwai shi a wurin rundunar. Ka rubuta mini da Hausa, mai daɗi da marar daɗi, mutanenmu su ji. Wanda zai zage ni ya zage ni a kan abin da na yi. Rumaisa ta gaji da sunkuyar da kai in an ce mata 'yar mai feri." Na ce ka bari a gama babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba, aikin fassara ya yi mini yawa. Satumba uku suka wuce, Tamimu. Ka tuna mini sau biyu, daga nan kunyar suruki ta hana ka sake tayar da maganar. Littafin yana cikin aljihun teburina, ƙarƙashin takardun da ko ɗaya ban tuna abin da ke cikinsu ba.

Ina jin haushin mutanenmu, da za su zauna da mutum shekara goma a sahu ɗaya ba su taɓa tambayarsa wane irin jirgi ba. Ina jin haushinka kaɗan, da ka tsaya jiran malalacin suruki. Amma ni ne nake da biro, ni aka roƙa, ni kuma na ƙi buɗe baki ran sadakar uku.

Jiya na kai wa Rumaisa wannan takarda tare da koren littafin. Ta karanta layin farko sau uku, tana tuntuɓe a kan "taɓa". Sai ta ce, "Kawu, ka makara." Na ce na sani. Ta ninke takardar ta ce ita za ta karanta ta ran sadakar arba'in, a falon nan, a gaban Alhaji Boubacar. Ina roƙon jama'a, in harshenta ya harɗe kada wanda ya gyara mata. Mu da Hausar ta zauna a bakinmu, mun ga abin da muka yi da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'adatu, da Rumaisa da Imran, da 'yan uwansa na Zariya, da abokan aikinsa da suka bugo waya daga garuruwa masu nisa suna kiran sunansa daidai. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Tamimu, Ya sauƙaƙa masa hisabin da ya fara yi wa kansa tun yana raye, Ya karɓi sallolinsa na teku, duk inda jirgi ya juya da shi. Ni kuma, Tamimu, ka yafe mini. Da hannuna na kwantar da kai kana fuskantar alƙibla, kuma wannan karon babu abin da zai juya ka.