Mai Furar Da Ta Bi Kura Da Tambaya

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu, ba nisa da Roni. Duwatsun nan sukan riƙe zafin rana har bayan magariba, sannan su sake shi gaba ɗaya su bar mu da sanyi. Shi ya sa da an idar da sallar isha'i, kakarmu da muke kira Iya takan tara karan dawa a tsakar gida ta hura wuta. Ba ta kiran kowa. Da mun ji ƙamshin hayaƙin, ni da yayana Sani da yaran maƙwabta sai mu fito da gudu, kowa yana neman wuri kusa da ƙafarta.

Iya ba ta yin tatsuniya kyauta. Sai ta ajiye kwandon gyaɗa a tsakiya ta ce, "Ku yi ta ɓara. In na ji hannuwanku sun tsaya, ni ma bakina zai tsaya." Sannan ta gyara zama, ta dubi ƙofar gida kamar ta hango baƙuwa, ta ce, "To, ga ta nan ta iso bakin zaure." Mu kuma mu haɗa baki, "A shigo da ita, Iya!"

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma ta masu fura biyu tana nan daram.

Wai akwai wata tsamiya a mararrabar hanya, inda fatake suke wucewa da jakunansu. A ƙarƙashinta wasu mata biyu suke sayar da fura, Ladi da Talatu. Ladi in mutum ya sha furarta sai ta ce, "Ta yi daɗi ko?" Wa zai sha furar mutum ya ce ba daɗi a gabansa? Kowa sai ya ce ta yi. Talatu kuwa wata ɗabi'a gare ta: wanda ya sha ba ta tambayarsa komai, amma wanda ya wuce bai saya ba, sai ta rufe ƙwaryarta da faifai ta bi shi.

Rannan wani madugu ya wuce da ayarinsa, ko kallon furar bai yi ba. Talatu ta bi shi ta ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana ka tsayawa?" Ya ce, "Jakunana ƙishirwa suke ji. Ba zan zauna ina shan fura suna kallona ba." Washegari ta sa aka sassaƙa mata kwami, ta cika shi da ruwa. Wani tsoho ya ce yajinta ya yi masa yawa, sai ta fara dama iri biyu. Kafin a jima, ayari ba ya wuce tsamiyar nan sai ya yada zango.

A nan Iya takan rage murya, ta tura kara cikin wuta. Wata rana da yamma, wai sai ga kura ta zo ta wuce, ba ta saya ba. Talatu ta rufe ƙwarya ta bi ta.

"Ranki ya daɗe, me ya hana ki tsayawa?"

Iya takan karkace baki ta yi muryar kura, har Sani ya faɗi ƙasa don dariya: "Ni ba na shan fura. Masu furar nake ci. Yau dai na ƙoshi, amma ranar kasuwa mai zuwa ina nan tafe."

Talatu ta durƙusa ta ce, "Na gode da kika gaya mini gaskiya."

Ta sanar da madugu, ya ce shi da mutanensa za su kwana kusa da tsamiyar a ranar. Ta gaya wa Ladi ma, Ladi ta ce, "Ni? Ai kowa sona yake yi a hanyar nan." Ranar kasuwa Talatu ta tashi da wuri ta koma cikin fatake, Ladi ta yi zamanta. Da kura ta ɓullo, Ladi ba ta san lokacin da ta haye tsamiya ba, zani a hannu, ludayi a baki. Fatake suka fito da sanduna suka raka kura har bayan dutse. Ladi kuwa sai da gari ya waye aka lallashe ta ta sauko. Tun daga ranar suka haɗa ƙwarya, Ladi tana damu, Talatu tana bin masu wucewa.

Na tuna na tsayar da ɓarar gyaɗa na ce, "Iya, ba ta ji tsoro ba?"

"Ta ji mana, ƙawata," in ji Iya. "Da tsoron nata ta yi tambayar." Sai ta kai hannu ta kama kumatun Sani, waɗanda suka cika da gyaɗar da yake ɓoyewa, ta ce, "Ga kuma kurar gidan nan. Tatsuniya ta koma inda ta fito, kowa ya kakkaɓe rigarsa."

Shekaru suka wuce, Allah Ya yi wa Iya rasuwa, na yi karatu, aure ya kawo ni Kazaure. Na tara mata 'yan unguwarmu muka fara matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli. A lokacin ne na kamu da son littattafan kasuwanci da shugabanci. In na shiga Kano ba na dawowa sai da ɗaya a jaka. Wasu surutu ne kawai, ka gama ka ji kamar an yi maka kirari, washegari ba ka tuna komai. Wasu kuwa sukan tashe ka daga kan kujera.

Akwai wani Alhaji a Babura, babban mai sayen manmu, wanda 'yan ƙauyuka da baƙi daga tsallaken iyaka suke sari a wurinsa. Haka kawai ya daina aikowa. Jarkoki suka taru a ɗaki, matan da suke ciyar da 'ya'yansu da aikin nan suka fara tambayata ko gobe su zo. Ina cikin wannan damuwa na iso wani babi a littafin da nake karantawa, babi guda cur a kan zuwa wurin abokin cinikin da ya bar ka. Marubucin ya ce kada ka kare kanka, kada ka yi gardama, in ya gama magana ka ce masa ya ƙara. Ban san lokacin da na ƙyalƙyale da dariya ba, har maigidana ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Talatu na gani a cikin littafi."

Na hau motar Babura, na sami Alhajin a shagonsa. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ba talla na zo ba. So nake ka gaya mini abin da ya sa ka bar mu."

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, manki ba shi da laifi. Murfin jarkokinki ne. Kafin ɗan acaɓa ya kai ƙauye, buhun garin da aka ɗaura tare ya sha mai. Ni ake zagi, ba ke ba."

Bakina ya cika da amsa, na haɗiye. Na ce, "Sai me kuma, Alhaji?"

Sai ya jawo mini benci. Bai gama ba sai da aka kira la'asar. Wayata da ba a ɗauka, kayan da suke zuwa bayan kasuwa ta watse, duk ya zazzage. Na dawo gida kunnuwana suna zafi, amma na san abin da zan gyara. Muka canza murfi, muka sa wa kowace jarka leda kafin a rufe, muka tsayar da ranar kai kaya. Ba a daɗe ba ya aiko, matan suka dawo bakin aiki da guɗa.

Yanzu in na waiwaya, sai in ga tatsuniyar ce ta cire mini kunyar tambaya tun ina ƙarama, littafin kuma ya koya mini yadda zan rufe bakina in saurari amsa. Da a ce ɗaya kaɗai daga cikinsu nake da shi, ban tabbata zan hau motar nan ba. Yabo yana da daɗi, ina kuma sonsa kamar kowa, amma bai taɓa gyara mini komai ba. Alhajin Babura har yau bai yaba mini ko sau ɗaya ba. Duk sanda muka fito da sabon abu kuwa, shi nake fara aika wa.