Wankin Tumbi a Ƙofa da Ɓerayena na Jami'a

Duk daɗewar da zan yi a duniya, Babbar Sallar da na yi a Ƙofa, ta ƙasar Kusada, ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu, ba za ta fita daga raina ba.

Bincikena a kan mafitsarar ɓeraye yake. Mukan ɗauki ƙwayar cuta ta bairos da aka raunana, mu ɗora mata saƙon ƙwayar halitta, mu sa ɓera barci, mu zura ta cikin mafitsararsa da siririn bututu. In saƙon ya shiga fatar ciki, wurin yakan yi shuɗi a madubin likita. Ana fatan wata rana a kai wa masu ciwon dajin mafitsara magani ta wannan hanya. To amma cikin mafitsara akwai wani yauƙi da Allah Ya shimfiɗa don kariya, shi ke tare ƙwayar. Na gwada wanke shi da wani ruwa mai kama da sabulu, na bar ruwan a ciki, na zuba ƙwayar a kai. Fatar ta saɓule, shuɗi kuwa babu. Kwalba ɗaya ta ƙwayar ce ta rage mana, malamina kuma ya ce in ita ma ta tafi a banza, sai in sake sabon maudu'i. Shekara biyu ke nan za ta bi ruwa.

Da wannan nauyin na sauka a Kankia, na hau mashin zuwa gida. Ranar layya aka haɗa ni da ƙanwar babana wankin kayan ciki. Na zuba tumbin rago a ruwan kanwa, na koma gefe na zauna.

"Likitar ɓeraye, jiran me kike?" in ji Gwaggo.

"Jira nake yauƙin ya fita."

"Ya fita, ya tafi da naman ko? Ɗiyar nan, a jami'ar taku ba a cin tumbi ne?" Ta tsamo shi, ta murza sau biyu, ta tsunduma a ruwa mai kyau. "Kanwa baƙuwa ce, ba a ba ta tabarma. Ta gaisa ta wuce. Sannan ki ɗauraye sau uku, in ba haka ba duk abin da kika sa a baya sai ta ɓata shi."

Na tsaya riƙe da ƙwarya. Ban taɓa ɗauraye mafitsarar ba. Ruwan da na bari a ciki shi ke cin fatar, wataƙila kuma shi ke lalata ƙwayar.

Da na koma na gaya wa malamina. Ya ce, "Wace mujalla kika karanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gwaggota ce." Ya yi murmushi, ya miƙo mini makullin firjin da kwalbar take ciki.

Na rage lokacin wankin, na ɗauraye sau uku da ruwan gishiri, sannan na zuba kwalbar ƙarshe. Bayan kwana biyu na leƙa madubi. Fatar lafiya lau, shuɗi ya bazu kamar an tsoma ta a marina. Daga baya na ga wasu masana sun riga ni rubuta irin haka, ban kuwa ji haushi ba. Digirina ya tsira.

Tun daga lokacin, in aiki ya cije mini, kafin in zargi kayan aiki nakan tambayi kaina wane ƙaramin mataki na tsallake. Kuma ba na raina hannun da ya daɗe yana yin abu, ko da mai shi bai taɓa shiga aji ba.