Tsohuwar karya da guntun dangwali

Shekarun baya, a shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, aka turo ni Gidan Rumji in koyar a lakol. Ɗana bai cika shekara uku ba, mijina kuwa yana Yamai wajen ƙarin karatu. Masaukin da aka ba ni ɗaki ne da rumfa a jerin ɗakunan ma'aikata. Tsakar gida guda, randa guda, ƙofar gida guda, ita ma ba ƙyaure. Kana fita ka taka babbar hanya, inda kamiyon gyaɗa ke wucewa a guje zuwa Maraɗi.

Shi kuwa yaron nan ba abin da yake so a duniya kamar kamiyo. Da ya ji ƙuginsa sai ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi ƙofa. Gwaggona ke riƙe min shi in na tafi aji, ga ta da ciwon gwiwa. Kafin ta miƙe ya kai bakin hanya. Na nemi a sa mana ƙyaure, buro, wato ofishin hukuma, suka ce in jira. Na kafa zana, ya bi ta ƙarƙashi. Ran da wani direba ya kawo min shi har cikin aji, saɓe a kafaɗa, yana ta yi min faɗa a gaban 'yan ajina, ran nan na ce kare zan samo.

"Kare? A ɗaki guda?" in ji Gwaggo. "Ɗiyar nan, lakol ta taɓa miki kai."

Matar jandarma, wadda ita ce babba a gidan, ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Madam, ba mu hana ki ba. Amma ran da ya sa baki a randa, ko ya taka tabarmar salla, ku fita tare."

Ni dai murna nake. Tun ina makarantar kwana nake kallon hotunan yara da karnukansu a littafin karatu, yanzu ga dalili ya samu. Na shiga tambaya kamar mai neman aure: wane iri ne ba ya haushi, wane iri ne ba ya cizo, wane ne zai iya zaman ɗaki.

Na farko daga wajen wani Bature mai sayen gyaɗa na samo shi, yana haɗa kayan komawa gida. Ɗan ƙarami ne, fari, gashi har ƙasa. A cinyata na ɗauko shi daga Maraɗi, ina ta washe baki. Muka ba shi tuwo, ya kau da kai. Muka ba shi fura, ya yi atishawa. Sai burodi da nama. Ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, Gwaggo na kora yana kallonta. Ya haye min gado ya miƙe. Da ɗana ya ja masa wutsiya, sai ya yage baki ya nuna haƙora.

"Wannan ba kare ba ne, baƙo ne," in ji Gwaggo. "Sai ki nemo mishi kuku."

Na mayar da shi kafin mai shi ya tashi.

Na biyu wani Buzu ne, uban ɗan ajina, ya kawo min ran kasuwa. Kai, ban taɓa ganin dabba mai kyau haka ba! Dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa. Na kira matan gidan kaf su zo su ga kare. Ban tsaya jin abin da mutumin ke ƙoƙarin gaya min ba, na kwance igiyar.

Ashe abin da yake son faɗa shi ne karen na farauta ne. Idonsa ya faɗa kan kazar matar jandarma. Kafin in ce wani abu turmi ya kife, tukwane na birgima, kaza ta haye rumfa ba wutsiya. Matar jandarma ta rungume randa ta danne murfin da ƙirjinta tana ihu, "Madam! Na gaya miki! Madam!" Mu duka muka dafa masa baya, ni ce a gaba, zane a hannu.

Sai na ji ƙugin kamiyo.

Na waiga. Tabarmar da ɗana ke zaune ba kowa. Ban san yadda na kai ƙofa ba.

Yana nan, yana kuka, amma kukan haushi ne. Wata tsohuwar karya ja ta gitta a bakin ƙofa, yana ta dukanta da hannu bibbiyu. Ya yi dama, ta yi dama. Ya yi hagu, ta sa kafaɗa ta turo shi ciki. Ko haƙori ba ta nuna masa ba. Kamiyon ya wuce a bayanta, ƙasa na girgiza.

Karyar mai nono ce, Bafillatanar da ke kawo mana kindirmo kowace safiya. Kullum tana biye da ita, ta kwanta a waje, ban taɓa yi mata kallo na biyu ba. Na ɗauke ɗana, na juya ga matar.

"Inna, karyar nan tawa ce daga yau."

"Ko gaisuwa babu, Madam?" Ta yi dariya ta sauke ƙwarya. "Maruƙa take tsaro tun tana ƙarama. Duk wanda ya nufi daji sai ta maido shi. Ɗanki ma maraƙi ta ɗauke shi."

"Ta ɗauke shi duk abin da ta ga dama. Ki ba ni."

"Na ba ki. Ta tsufa, hanya na ba ta wuya. Amma ba za ta zauna ba."

Buzu ya tafi da karensa, na ba matar jandarma haƙuri. Karya kuwa kafin la'asar ta koma rugarsu ta hanyar Sae Sabuwa. Washegari da ta biyo mai nono na ba ta nama, ta ci ta tafi. Na ɗaure ta, ta tauna igiyar. Na yi ta masifa har Gwaggo ta ce in je waje in ƙarasa.

Sai wata safiya mai nono ta zaro wata guntuwar igiya daga ƙarƙashin faifai, baƙa, tana warin garke.

"Dangwali ne, igiyar da muke ɗaure maruƙa. Maigidana bai so ba, ba a fitar da shi daga ruga. Sai da na ce don yaro ne."

Ta kafa turke a bakin ƙofa ta ɗaura. Karyar ta shinshina, ta kewaya, ta kwanta. Na yi tsalle na rungume matar har nono ya zube.

Tun daga ranar ba ta taɓa wuce ƙofa ta shigo tsakar gida ba. A sakaina take shan ruwanta, randa ko kallo. Yaran gidan duka suka zama maruƙanta. Matar jandarma da kanta ta koma kai mata ƙanzo, tana cewa, "Madam, karyarki ta fi ki haƙuri." Na ce ai kowa ma ya fi ni.

Ran da ɗana ya isa shiga lakol, ya saɓo allonsa zai fita, ta tashi da ƙyar ta gitta. Na ce, "Ke, ni ce uwarsa!" Ko gezau. Dole na kwance dangwalin na tafi da shi, na ɗaura a gindin iccen bedi a ƙofar aji. Ta biyo mu a hankali ta kwanta.

Na sha wahalar neman iri, mai gashi da mai dogayen ƙafafu, alhali abin da ya kamata in tambaya shi ne aikin da kare ya saba. Ita ta daɗe da mutuwa, an kuma sa wa gidan ƙyaure. Amma har yau in na ji ƙugin kamiyo, ba yaron nake fara nema ba. Bakin ƙofa nake dubawa.