Dokta Laminu ya tafi, matan Gangara suna jiransa

Ina cikin awon mata masu ciki yau da safe waya ta shigo: Dokta Laminu ya rasu. Haɗarin mota, tsakanin Cadawa da Agye.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ungozoma ce a asibitin Gazawa. Da shi muka yi bincike kan abin da ke sa matan Gangara daina shan ƙwayar ƙarin jini in ciki ya tsufa. Na yi zaton aikina ya ƙare a tambayar matan, sai ya ce ni zan rubuta takardar da za a kai mujallar likitoci. Na ce masa ni haihuwa na iya karɓa.

Rubutuna na farko da ya dawo, jan bik ɗin da ya yi gyara da shi ya fi baƙin rubutuna yawa. Na yi fushi, kun dai san halina. Ya kife takardar a teburin buronsa, wato ofishinsa, ya ce da bakinsa na mutanen Gidan Rumji: "Rakiya, bar Faransancin nan. Hwaɗi mini da Hausa, mi kika gani?"

Na ce tsoro suke ji kada ɗa ya yi girma, haihuwa ta yi wuya.

"To shi za ki rubuta. Sauran duk ado na."

Da masu tantancewa na mujallar suka maido mana da gyare-gyare, wani har ya ce matan da muka tambaya sun yi kaɗan, na rantse na bar aikin. Bai yi mini faɗa ba. Ya aika aka sayo fura, muka bi maganganunsu ɗaya bayan ɗaya. Inda suke da gaskiya ya sa na yarda, inda ba su da ita ya koya mini yadda ake musu cikin ladabi. Wannan ya fi ba ni wuya.

Kuma sunana ya sa a gaba, nasa a can ƙarshe.

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne, ya biyo da kansa ya gaya mini an karɓi takardar. Na yi guɗa a tsakiyar asibiti, ya toshe kunnuwa yana dariya. Sai ya ce: "Ba mu ƙare ba. Matan nan sun ba mu sirrinsu, na yi musu alkawali su za su hwara jin abin da munka samu, kahin mutanen waje. Ran kasuwa mu tahi."

Na riga na aika musu cewa muna zuwa.

Wallahi ban san yadda zan tsaya gabansu ni kaɗai ba. Zan je, don alkawarinsa ne. Amma kafin in buɗe baki za su leƙa bayana su ce ina dogon likita, kuma ni ce zan gaya musu.

Allah Ya jiƙanka, Dokta. Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni ciki, Allah Ya ba ni bakin magana ran kasuwa.