Takardar Lokotoro da Na Ɗinke a Fata

Na saki matata saboda rashin haihuwa, alhali ciwon a jikina yake. Wana, ɗan baffana, ya san haka tun ranar farko, ya rufe bakinsa.

Ni baduku ne. A Birni aka haife ni, cikin Damagaram, ina ɗinka takalma da kube da layu. Matata 'yar garin Guna ce. Shekara bakwai muna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, wanzami ya kafa mata ƙaho har bayanta ya cika da tabo. Ni ba wanda ya ba ni ko kurɓi ɗaya, don ba a tuhumar namiji.

Ita ta ce mu je gidan likita. Lokacin Nasara na nan. Wana ya yi lekol, makarantar boko, shi ke yi wa lokotoro, wato likitan, tafinta, shi ya sa na yarda. Lokotoron ya duba ta bayan labule, sannan ya nuna ni da yatsa.

Na ce, "Yaya, ni kuma me na yi?"

Ya ce, "Tuɓe kawai. Haka Nasara suke, ko jaki ka kawo sai sun duba mai jakin."

Aka ɗebi jinina da fitsarina. Bayan kwana biyar muka koma. Lokotoro ya daɗe yana magana, ni yake kallo. Da ya gama, wana ya ce, "Wai sai haƙuri. Daga wajen iyalinka ne." Matata ta sunkuyar da kai. Lokotoro ya rubuta takarda ya sa mini a hannu.

Na ce, "Wannan fa?"

Wana ya ce, "Shaida ce kun zo. Ka adana."

A sana'armu, in takarda mai rubutu ta zo hannunka, ninke ta ake yi a ɗinke. Na ninke ta, na sa mata jar fata mai kyau, na ɗaura a damtse. Shekara uku tana jikina.

Inna ta ji abin da aka ce. Ba ta bar ni na huta ba sai da na yi sakin. Ranar da matata za ta tafi ta share ɗakin, ta cika randa, ta ɗauki kwallarta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta gama idda, wani Bakano mai kawo atamfa kasuwa ya aure ta, ya tafi da ita.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara, abokin tafiyar Bakanon ya kawo mini gyaran takalmi. Cikin hira ya ce matar da na saka ta haifi ɗa na biyu, namiji. Na gama masa ɗinkin. Da ya tafi na sa wuƙa na farke fatar, na kai takardar wajen wani mushe, wato malami mai koyarwa a lekol. Ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Malam, wa ya fassara maka wannan a da?"

Na ce, "Karanta dai."

Ya ce an rubuta matar lafiyarta lau. Mijin ne ke da tsohon ciwon sanyi, a yi masa allura goma, ya dawo bayan wata uku.

Na tarar da wana a ƙofar gida yana cin goro. Na ajiye takardar a cinyarsa. Bai musa ba.

Ya ce, "Ƙane, me kake so in yi? In ce kai ne, gaban matarka? Da ka iya shiga kasuwa? Asirin gidanmu na rufa."

Na ce, "Da ka ja ni gefe."

Ya ce, "Na so. Na ji nauyi, sai kwanaki suka tafi."

Na je aka yi mini allurar. Sabon lokotoro ya ce ciwon ya daɗe, hanya ta riga ta toshe.

Ban doki wana ba. Na jira matarsa ta haihu. Ranar suna, liman ya shafa fatiha, ana rabon goro, na miƙe cikin maza na ce, "Jama'a, ni ne ba na haihuwa. Wannan ya sani, ya ɗora wa baiwar Allah, ya kashe mini aure." Baffa ya ce in zauna. Na sake faɗa da ƙarfi don mata su ji a cikin gida. Daga ranar, mutanen unguwa suka daina shiga wajen lokotoro in shi ne tafinta.

Da ciwon ajali ya kama shi ya aiko a kira ni. Na je. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Ka yafe mini." Na ce, "Ka aika Kano, ita ka fara tambaya. In ta yafe, ni dai ban yafe ba." Na sa takalmina na fito. Da aka ɗauke shi ban bi gawar ba.

Yanzu ina Gaffati, a ɗakin da ɗan ƙanwata ya gina mini. Idona ya daina ganin ramin allura. Ban sake aure ba, ba ni da ɗa, kuma har yau ban yafe ba.